Fuskar Mai Gyara: Labarin Surar Martin Luta da Siffar Shehu Mujaddadi

Duk wanda ya saba da kasuwannin ƙasar Kano, tun daga Kurmi a cikin birni har ya zuwa Rijiyar Zaki da ƙauyukan da ke bayanta, inda gona ke jingine da gona, ya san masu tallan hotunan shaihunai. Su kan baza su a ƙasa su danne da tsakuwa don iska, ko kuwa su rataya a jikin katanga. Ga Shehu Abdulƙadir Jilani da zaki a gefensa, ga Shehu Ahmadu Tijjani da barewa, ga Shehu Ibrahim Kaulaha. Wani lokaci kuma a kan tarar da surar wani dattijo mai rawani, an rubuta a ƙarƙashinta wai Shehu Usmanu ɗan Hodiyo ne. Irin wannan sura ta shiga littattafan makaranta, ta shiga kalanda, yanzu kuma tana yawo cikin wayoyin hannu. Mutum ya kan ciro kuɗin guminsa ya saya, ya kafa a zaure, ya nuna wa 'ya'yansa ya ce ga Mujaddadi. To, ya kamata a san ko wane ne a cikin takardar nan.

Amsar ba ta da wuya. Shehu Usmanu, Allah Ya ji ƙansa, ya rasu a Sakkwato cikin shekara ta 1817. Na'urar ɗaukan hoto kuwa ba ta bayyana ga jama'a ba sai cikin 1839, a ƙasar Faransa, watau bayan rasuwarsa da shekara 22. Baturen farko da ya isa Sakkwato ya rubuta labarinta bai iske Shehu da rai ba, cikin jama'arsa kuma babu mai sana'ar zana fuskokin mutane. Saboda haka surar nan aikin wani mai zane ne na baya, wanda ya zauna ya kintata. Abin tambaya shi ne, ƙaƙa aka yi mutumin da kiransa ya girgiza ƙasashe tun daga Gobir har Adamawa ya wuce ba a bar surarsa ba, alhali kuwa akwai wani mai gyaran addini a ƙasar Turai, wanda ya mutu tun kafin a haifi Shehu da shekara 208, amma har yau mutanen ƙasarsu suna gane fuskarsa kamar ta kakansu? Sunansa Martin Luta. Ba a kawo shi nan don a daidaita shi da Shehu ba, addininsu dabam, tafarkinsu dabam. Dalilin kawo shi, labarin surarsa ya fi na kowa nuna yadda a ke yin fuskar babban mutum, da wanda ke yin ta, da abin da a ke nema da ita.

An haifi Luta cikin 1483 a wani gari wai shi Aisileban, a ƙasar Jamus. Ya zama rahibi, watau irin malaman Kirista masu zaman zuhudu waɗanda ba su aure, ya kuma zama malami a jami'ar garin Witambag, cikin ƙasar Saksoni. A zamanin nan Kiristan yammacin Turai suna ƙarƙashin Paparoma na birnin Rum. Sai aka shiga sayar wa talakawa waɗansu takardu, wai wanda ya saya an sauƙaƙa masa azabar zunubinsa, ko ta iyayensa da suka mutu. Cikin 1517 Luta ya rubuta mas'aloli 95 yana sukan wannan ciniki. Daga nan wuta ta kama. Waɗanda suka bi shi, da sauran waɗanda suka fita daga ɗa'ar Paparoma, su ne a ke kira Furotesta, watau masu ƙin yarda. Har a ƙasar nan akwai masu bin koyarwarsa, musamman wajen Numan, inda 'yan mishan daga ƙasar Denmak suka sauka cikin 1913.

Abu biyu suka taimaki Luta. Na fari injin buga littattafai, wanda wani Bajamushe mai suna Gutambag ya ƙaga wajen 1450. Na biyu kuwa, zamaninsa ya zo daidai da abin da Turawa ke kira Farfaɗowa, lokacin da ilmi da sana'o'in hannu suka yi tashe, masu zane suka gwanance har su kan zana mutum da tamojin da ke goshinsa. Da can sarakuna da waliyyai aka fi zanawa. A zamanin nan kuwa ko attajiri ya kan biya a zana shi da matarsa.

A garin Witambag akwai wani gwanin zane, Lukas Kiranak, haifaffen 1472. Tun 1505 ya ke aiki a fadar Firedarik, Sarkin Saksoni, wanda a ke yi wa laƙabi da Mai Hikima. Kiranak ba ƙaramin mutum ba ne a garin. Yana da kantin magani, yana da hannu cikin ɗab'in littattafai, ya kuma riƙe magajin gari fiye da sau ɗaya. Gidansa cike da yara masu koyon sana'a, wani na niƙa launi, wani na gyaran allo, wani na shafe. Alamar da ya ke sa wa aikinsa maciji ne mai fukafukai, da zobe a bakinsa. Amintaka ta ƙullu tsakaninsa da Luta, har shi ne ya tsaya a matsayin uba ga ɗan Luta na fari ranar da aka yi masa baftisma. Kusan dukan surorin Luta da duniya ta sani daga gidan mutumin nan suka fito, ko kuwa daga hannun waɗanda suka kwaikwaye shi.

Cikin 1520 Kiranak ya yi surar Luta ta fari. Ba da fenti ya yi ta ba. Farantin jan ƙarfe ya samu, ya sassaƙa fuskar a kansa da wani ɗan ƙarfe mai tsini, aka shafa tawada, aka danna takarda, kamar dai yadda a ke buga hatimi a wasiƙar sarki. Da faranti guda a kan buga ɗaruruwa. Surar ta nuna wani ramammen rahibi, an aske masa tsakiyar kai, ƙasusuwan fuska a waje, ido ya faɗa, kamar wanda ba ya jin lallashi. Masu binciken tarihi sun lura wannan ba ita aka baza ba. Cikin shekarar nan aka sake wata, aka sassauta fuskar, aka tsai da shi cikin wani lungu irin wanda a ke tsai da surar waliyyai, aka ba shi littafi a hannu. Dalili a fili ya ke. Ana shirin kiran Luta gaban majalisar sarakunan Jamus, fadar Saksoni kuwa tana so jama'a su ga malami mai tsoron Allah, kada su ga ɗan tawaye. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Gaskiya ne, amma in fuskar ta bi ta hannun mai zane, sai a fara tambayar wanda ya biya shi.

Cikin watan Afrilu na 1521 Luta ya tsaya a birnin Woms gaban Sarkin Sarakuna Shal na Biyar, aka ce ya janye abin da ya rubuta, ya ƙi. Kafin ya iso, surarsa ta riga shi. Wani mai zane, Hans Baldun, ya kwaikwayi aikin Kiranak ya ƙara masa kewayen haske a ka, da kurciya tana sauka bisansa, irin alamar da Kirista ke yi wa tsarkaka. Jakadan Paparoma a majalisar, Aliyanda, ya rubuta zuwa Rum yana kuka cewa ana wawar takardun nan a kasuwa, har mutane na sumbatarsu. Mai karatu ya duba wannan abu. Mutumin da ya tashi yana hana talakawa dogara ga takardar gafara, ga shi tun bai shekara 4 da fara kira ba an mai da fuskarsa takardar neman albarka.

Da ya baro Woms, Sarki Firedarik ya sa aka sace shi a hanya, aka ɓoye shi wata 10 a wani gida mai ganuwa a kan dutse, sunansa Watbag. Can ya tuɓe rigar zuhudu, ya tara gemu, ya ari sunan wani barde. Can kuma ya juya Sabon Alkawari zuwa Jamusanci. Jita-jita ta cika ƙasa cewa an kashe shi. Cikin watan Disamba ya saci jiki ya leƙo Witambag, Kiranak ya zana shi da gemunsa da shigar barade, aka baza, kowa ya tabbata yana da rai. Gani ya kori ji. Littafin da ya juya ya fito cikin Satumba na 1522, kofe wajen 3,000, da zane-zanen gidan Kiranak a cikinsa.

Haka aka yi ta yi, duk sa'ad da al'amarin Luta ya juya sai fuskarsa ta juya. Cikin 1525 ya auri Katarina, wadda ita ma 'yar zuhudu ce da ta gudo daga gidan zuhudunsu. Ga mutanen zamanin wannan babban abin kunya ne, maƙiya suka samu abin faɗi. Kiranak, wanda ya halarci ɗaurin auren, sai ya sa yaransa suka yi ta zana miji da mata a alluna biyu masu tafiya tare, an shafe su da fenti tsaf, fuska a natse, shiga ta kamala. Allunan nan suka shiga fadoji da gidajen manya, suna faɗi ba da baki ba cewa auren malamin addini halal ne, ga kuwa shaida. Da girma ya kama shi sai aka koma zana shi ƙaton dattijo mai kauri da furfura, cikin baƙar riga ta malaman jami'a, littafi a hannu, kamar kukar da iska ba ta kayarwa. Wannan ita ce fuskar da ta zauna.

Kada a zaci kowace sura sai Luta ya zo ya zauna. A gidan Kiranak akwai zanen asali da a ke ajiyewa, yaro ya ɗora shi kan sabon allo ya bi layin, sa'an nan a cika launi. Yawan aikin da gidan ke iyawa ya bayyana cikin lissafin fada na 1533, inda aka biya shi kuɗin surorin sarakunan Saksoni biyu da suka shuɗe, kowannensu guda 60. Ba banza ba aka rubuta a kan dutsen kabarinsa cewa ya fi kowane mai zane sauri. Wani abin dariya kuma, a shekarun da ya ke zana Luta yana kuma karɓar aiki daga Albarat, babban limamin Katolika na Mainz, wanda a ƙasarsa aka yi cinikin takardun gafarar da ya ta da rigimar. Mai sana'a ba ya korar ciniki.

Maƙiya su ma ba su kwanta ba. Cikin 1529 wani malamin Katolika, Kokaliyas, ya buga littafi da surar Luta mai kai 7, don nuna wai maganarsa ba ɗaya ba ce. Mutanen Luta kuwa tun 1521 sun riga sun buga nasu na zambar Paparoma. Har mutuwa ba ta raba wannan yaƙi ba. Luta ya mutu ran 18 ga Fabrairu 1546, a garin da aka haife shi. A zamanin nan an ɗauka wanda ya ɓata ya kan yi mugun ƙarshe, fuska a murtuke. Nan da nan aka kira wani mai zane daga garin Hale, Lukas Furtanagal, ya zana gawar, fuska a sake kamar mai barci, gidan Kiranak ya yi ta kwaikwayonta. A ƙarnin da ya biyo har labari ya bazu cikin talakawan Jamus cewa gobara ta cinye gida kaza amma surar Luta da ke ciki ba ta ƙone ba.

Ba dukan masu gyaran suka yarda da wannan ba. Tun Luta yana ɓoye, abokin aikinsa Kalstad ya yi wa'azi cewa surori a majami'a gumaka ne, jama'a suka fasa waɗansu. Luta ya komo cikin Maris na 1522 ya tsawata. Ra'ayinsa shi ne sura ba a wajabta ta ba, ba a kuma haramta ta ba, muddin ba a bauta mata. A birnin Zurik na ƙasar Suwizalan kuwa, inda Zuwingili ke wa'azi, cikin 1524 hukuma ta kwashe surori daga majami'u, aka shafe bango da farar ƙasa. An kashe Zuwingili a yaƙi cikin 1531, surarsa da aka sani kuwa bayan mutuwarsa Hans Asfa ya zana ta. Cikin 1550 wani Baturen Ingila, Kiristofa Hels, ya aiko yana so a zana masa malaman Zurik ya rataya a ɗakin karatunsa, malaman suka yi ta jan ƙafa, suna tsoron kada abin da suka kora ta ƙofa ya komo ta taga. Kalbin na birnin Janeba, wanda ya mutu cikin 1564, ya yi wasiyya a rufe shi ba tare da alama a kan kabari ba. Duk da haka bayan shekara 16 magajinsa, Beza, ya buga littafi guda na surorin masu gyara, malaman Katolika suka yi ta yi musu gori. Shi kansa Albiret Dura na Nurambag, wanda babu kamarsa cikin masu zanen Jamus, ya yi burin zana Luta bai samu ganinsa ba. Da ya zana abokin Luta, Melanton, cikin 1526, sai ya rubuta a ƙasa cewa hannunsa ya iya fuskar, amma hankalin mutumin ya gagare shi.

To, a komo ƙasar Hausa. An haifi Shehu Usmanu cikin 1754 a Maratta, ƙasar Gobir, ya tashi a Degel, ya fara wa'azi yana da shekara wajen 20. Ya yi kira a bar tsafin itatuwa da duwatsu, a bar cin dukiyar talakawa da harajin da shari'a ba ta sani ba, a bar mata su nemi ilmi. Cikin Fabrairu na 1804 ya yi hijira zuwa Gudu, cikin 1808 Alƙalawa ta faɗi. Cikin 'yan shekarun nan kiransa ya game ƙasar da mai doki ke wata da watanni bai ƙure ta ba, babu injin ɗab'i, babu mai zane.

Rashin mai zanen ba rashin gwaninta ba ne. Wanda ya dubi zayyanar Alƙur'ani ta mahaddatan Kano da Barno, ko aska takwas a gaban riga, ko dagi a goshin soro, ko bakan gizon masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, ya san hannun da ya yi waɗannan ba zai kasa fuska ba. Shari'a ce ta tsare shi. Hadisi ya zo da gargaɗi mai tsanani ga masu yin surar abu mai rai, cewa za a ce su busa wa abin da suka yi rai. Malaman Malikiyya sun rarrabe. Gunki cikakke mai inuwa haramun ne, zane a shimfiɗe kuwa bai kai nan ba, amma barinsa ya fi. Risala, wadda kowane almajirin zaure ke karantawa, ta karhanta surori a bango da gado da zobe. Wanda ya fito yaƙi da tsafi kuwa ba zai tsaya a bakin iyaka yana leƙe ba.

Akwai kuma al'ada. A ƙasar Jamus girman mutum ya sa a baza fuskarsa. A nan girma ya kan sa a rufe ta. Sarki ko babban malami ya kan ja amawali ya rufe baki da hanci, talaka kuma ba ya ƙura masa ido, sai ya sunkuyar da kai. Kwarjini a cikin sutura ya ke.

Me ya tsaya a madadin farantin Kiranak? Da fari takarda da alƙalami. Takardar ma, abin mamaki, yawancinta daga ƙasar Italiya ta ke, mai alamar jinjirin wata 3 in an ɗaga ta a rana, fatake ke ƙetaro Sahara da ita. Takardar Turai ta iso, injinsu bai iso ba. Shehu ya wallafa littattafai fiye da 100, irin su Ihya'us Sunna, da Nurul Albabi, da Bayanu Wujubil Hijira na 1806, almajirai suka yi ta kwafa da hannu. Ƙanensa Abdullahi, da ya biyo ta Kano da niyyar tafiya gabas, mutanen gari suka tsai da shi, a nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami don su san yadda a ke hukunci. Na biyu tuta. Sulaimanu na Kano, da Ummarun Dallaji na Katsina, da Malam Musa na Zazzau, da Yakubu na Bauchi, da Buba Yero na Gwambe, da Modibbo Adama, ƙyalle ne da izni ya tsaya musu shaida. Mafi yawan waɗanda suka yi yaƙi ƙarƙashin tutocin nan a ƙasar Kano, har aka kori Sarki Alwali cikin 1807, ba su taɓa sa Shehu a ido ba.

Na uku, wanda ya fi kai wa talaka, waƙa. Shehu ya yi waƙoƙin wa'azi da Fillanci, 'ya'yansa suka juya waɗansu zuwa Hausa. Abin da sura ta yi wa Bajamushen da bai iya karatu ba, shi waƙa ta yi wa Bahaushe, har ma ta fi, gama sura sai an saya, waƙa kuwa makaho ya kan rera ta a bakin kasuwa, mace ta ɗauka tana daka. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tsara wannan aiki sosai. Ta kan naɗa dattijuwa jaji, ta ba ta malfa, jajin ta koma ƙauyensu da waƙoƙin a ka, ta koya wa mata 'yan taru.

Sa'an nan akwai siffa, wadda ita ce ainihin sura irin ta Musulmi. Malamai sun gaji wannan daga littattafai irin su Shama'il na Tirmizi da Ashafa na Alƙali Iyal, waɗanda ke siffanta Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, da kalmomi, halitta da hali. A kan wannan gwadabe aka siffanta Shehu. Ɗansa Muhammadu Bello, cikin Infakul Maisuri na 1812, ya ba da labarin yadda ya kan fito majalisin wa'azi da sakin fuska, ya gai da jama'a, ya nemi a yi shiru, ba ya ƙosawa, in an tare shi da tambaya tsakiyar magana ya tsaya ya amsa. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, ya tara karamominsa cikin Raulul Jinani. Wanda ya karanta waɗannan ya san yadda Shehu ke zama da mutane fiye da yadda allon Kiranak ke sanar da halin Luta. Amma a faɗi gaskiya, alƙalami shi ma yana zaɓe. Ɗa ne ya rubuta, da suruki, a lokacin da sabuwar daula ke bukatar mutane su riƙe girman wanda ya kafa ta. Kamar yadda fadar Saksoni ta zaɓi fuskar da za a gani, haka Sakkwato ta zaɓi halin da za a tuna.

Bayan rasuwar Shehu da shekara 7 Turawa suka iso da fensirinsu. Kyaftin Kilafatan, wanda a nan aka sani da Abdullahi, ya shiga Kano cikin Janairu na 1824, ya isa Sakkwato cikin Maris. Ya siffanta Sarkin Musulmi Bello a rubuce: mutum mai kwarjini, kakkaura, da gajeren baƙin gemu, da manyan idanu, sanye da shuɗiyar riga da farin rawani, ya ja amawali. Abin da ya tafi da shi daga fadar Bello wasiƙa ce zuwa Sarkin Ingila, da taswirar ƙasa. Abokin tafiyarsa Manjo Danham kuwa, wanda ya tsaya Kukawa, ya zana Shehu Laminu na Barno, aka ba wani mai sassaƙa na Landan ya gyara, aka buga cikin littafinsu na 1826. Ikon Allah, malamin da ya yi ta musayar wasiƙu da Bello yana ƙalubalantar hujjar jihadi, shi ne duniya ta samu surarsa, ko da ya ke ta bi ta hannun wanda bai taɓa ganin Barno ba.

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato cikin 1903, na'urar hoto ta zauna. Cikin 1934 Sarkin Musulmi Hasan, da Sarkin Kano Abdullahi Bayero, da Sarkin Gwandu Usmanu suka ziyarci Ingila, jaridu suka buga hotunansu. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya cikin 1939, talaka ya fara ganin fuskar manya a takarda. Fasfo na aikin haji ya sa har wanda ke ƙyama ya zauna gaban mai hoto. Malamai da yawa suka ce wannan kama inuwa ne kamar madubi, ba ƙaga halitta ba, waɗansu kuwa suka tsaya kan ƙi sai bisa larura.

Fuskar malami ta fari da ta game ƙasar Kano irin yadda ta Luta ta game Jamus ita ce ta Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha, a ƙasar Sanagal. Ya sadu da Sarki Abdullahi Bayero a aikin haji cikin 1937, daga baya ya yi ta zuwa Kano, ya rasu cikin 1975. Hotonsa ya shiga kantuna da zauruka da gaban motoci. Nasa hoton gaskiya ne, na'ura ta ɗauka. Na Shehu Abdulƙadir, wanda ya rasu a Bagadaza cikin 1166, da na Shehu Tijjani, wanda ya rasu a Fas cikin 1815, kintace ne kamar na Shehu Usmanu. A Sanagal ɗin ma akwai Shehu Ahmadu Bamba, wanda Faransawa suka ɗauki hotonsa cikin 1913, yana tsaye a rana cikin farar riga, mayafi ya rufe masa rabin fuska. Daga wannan hoto muridansa suka yi ta zana shi a bango da gilashi da jikin mota, ba iyaka.

Gardamar Witambag da Zurik ita ma ta iso. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos cikin 1978, ta yi suka mai zafi ga neman albarka da hoton shaihi, 'yan ɗariƙa suka amsa cewa ƙauna ce da tunawa, ba bauta ba. Ba a daɗe ba kuma aka ga hoton Shehu Abubakar Gumi, wanda ya rasu cikin 1992, a bangon littattafai da jikin motocin masu ƙaunarsa. Hukuma ma ta bi sahu, ta sa Abubakar Tafawa Ɓalewa a takardar naira 5, ta sa Sardauna Ahmadu Bello, jikan jikan Shehu, a ta naira 200. A cikin irin wannan zamani, da kowane babba ke da fuska a takarda, mai buga littafin makaranta ya kan ga shafin Shehu ba kome, sai ya nemi mai zane ya cika masa.

Abin da ya tabbata daga hannun jama'ar Shehu yana nan a Sakkwato. Gidan Waziri ya riƙe takardun tun daga Giɗaɗo. Waziri Junaidu, wanda ya fito daga tsatson Giɗaɗo da Nana Asma'u, ya rasu cikin 1997, ya bar ɗakin littattafai cike da wasiƙun sarakuna da hatiminsu, da waƙoƙin Fillanci da na Hausa cikin ajami, da littattafan Shehu da na Abdullahi da na Bello, waɗansu a cikin gafakarsu ta fata. Daga cikinsu masu bincike na gida da na waje suka rubuta tarihin daular.